Ina iyakar kalmar riga?

Wata malamar firamare da ke koyar da Hausa a Jos ce ta aiko da tambaya. Ta ce 'yan ajinta sun tsare ta: me ya sa babbar rigar liman riga ce, tishat ɗin yaro riga ce, har abin da ake sa wa filo ana ce masa riga, amma ba a ce wa hijabi riga? Mece ce rigar kariya da suke ji a rediyo? In an ce wane ya riga mu gidan gaskiya, wace riga ke nan? Ita kanta kuma tana son sanin wanne ne daidai a rubutu, rigar Audu ko rigan Audu.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa yaran nan albarka. Yaron da ke irin wannan tambaya yana sauraren harshensa da kunnen basira, kada ki gaji da shi.

Mu fara da ta gidan gaskiya, don ita ce mai saurin warwaruwa. Kalmomi biyu ne daban suka haɗu a rubutu ɗaya. Akwai riga ta sawa, wadda suna ce, akwai kuma riga ta gabata, wadda aikatau ce. A baki ba su taɓa haɗuwa ba. In kina nufin ta sawa, za ki ji kin ja gaɓar farko, muryarki ta faro daga ƙasa sannan ta hau. In kika ce na riga ka zuwa, gaɓar farko gajeriya ce, ba a jan ta. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, shi ya sa ido ke ganinsu iri ɗaya. Mai ajami ya fi samun sauƙi a nan, don yakan ƙara harafin ya in wasalin dogo ne.

Ita rigar gabata tana da danginta. Daga gare ta aka sami rigaya, aka sami marigayi da marigayiya, wato waɗanda suka gabace mu zuwa lahira. Daga gare ta rige-rige ya fito, da riga malam masallaci, da rigakafi. Wannan ta ƙarshe ki kula da ita, don yara da yawa suna zaton wata riga ce da ake sa wa jiki don kada cuta ta shiga. A'a, riga cuta kafewa ake nufi, ka gabace ta ka yi kafi kafin ta iso. Ki rubuta musu wannan jimla a allo: Audu ya riga ya sa riga. Ki sa su karanta ta da ƙarfi, kunnensu zai raba musu kalmomin kafin ki yi bayani.

To, mu dawo kan ta sawa. Bahaushe ba ya duba yadi ko ɗinki ko tsada kafin ya kira abu riga. Abin da yake dubawa shi ne inda tufar ta rataya a jiki da yadda ake shigarta. Riga tana da wuya, tana da mafitar hannu, nauyinta kuma a kafaɗa yake. Wando da siket a ƙugu suke tsayawa. Hula da rawani da ɗankwali na ka ne. Hijabi kuwa, ko da ya sauka har idon sawu, daga ka ya rataya, kuma fuska ce ke fitowa ta bakinsa, ba wuya ba. Shi ya sa kunne ba ya karɓar a ce masa riga. Abaya, da yake a kafaɗa take zama ga kuma hannuwa, ba mai yi miki gardama in kin ce doguwar riga ce.

Aikatau ɗin da ke bin kowace tufa ma shaida ne. Zane ana ɗaura shi, gyale da mayafi ana yafa su, rawani ana naɗa shi, hula ana kafa ta. Riga kuwa ana sa ta, ana zura ta, ana shiga cikinta, in an gama a tuɓe. Ki tuna alhaji a cikin harami. An hana namiji ɗinkakkiyar tufa mai bin surar jiki, sai ya ɗaura ƙyalle ɗaya ya yafa ɗaya. Jikinsa a rufe yake, amma ba wanda zai ce ya sa riga. Ke nan rufe jiki kawai bai isa a kira abu riga ba. Mai rufe jiki gaba ɗaya sunansa tufa ko sutura, ko kuma a ce kaya. Kowace riga tufa ce, amma cikin tufafi akwai da yawa da ba riguna ba. A wajen tafsiri ma za ki ji malamai na kiyaye wannan. Ayar da ta ce ma'aurata sutura ne ga juna, da tufa ake fassara ta. In aka zo Suratu Yusuf kuwa riga ake cewa: rigar da 'yan'uwansa suka shafa wa jinin ƙarya, rigar da aka tsage ta baya, da rigar da aka jefa a fuskar mahaifinsa ganinsa ya dawo.

Sai dai in dattijo a birnin Zariya ko Kano ya ce riga bai ƙara komai ba, sau da yawa babbar riga yake nufi. In aka ce wane ya sa riga ya tafi fada, ba wanda zai kawo 'yar shara a ransa. A nan nake so in ɗan daɗe, don nan ne kalmar ta fi arziki, nan ne kuma muka fi yin asara.

A da ba a tsayawa ga cewa babbar riga, kowace da sunanta. Wata saƙarta ke ba ta suna. Saƙi shi ne mai duhun baba da ɗigo-ɗigon fari kamar jikin zabo. Tsamiya ana yin ta da zaren silikin daji, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa da ke yin sheƙa a bishiyoyi irin su tsamiya. A dafa gidan da toka, a wanke, a kaɗa, ya fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske wanda ba rini ya ba shi ba. Barage na da ratsin alharini, jan silikin nan da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus. Wata kuma rini ke ba ta suna, kamar kore, wadda ake tsomawa a baba har ta yi baƙi, sannan mabuga su buge ta da shuni har ta riƙa walƙiya. Wata yankanta ko asalinta ke ba ta suna, kamar gare da girken Nufe. Wata kuma aikin da aka zuba mata: aska biyu, aska takwas, malum-malum.

Askar nan ba ta wanzami ba ce. Zane ne mai tsini da ke saukowa daga wajen wuya zuwa kan babban aljihun da ke gefen hagu, kuma da yawan tsinin ake kiran rigar. Kusa da su akwai tambari, da'irar nan mai murɗawa da ake yi a ƙirji ta dama, a sake yin ta a baya. Akwai gidan biyar, akwai dagi, wanda daga baya ya zama tambarin Arewa da kike gani a jikin gine-gine da tutoci. Aikin da ke kewaye wuya shi ne cin wuya. Ƙyallen da ake bi cikin bakin riga da shi ta ƙasa shi ne shafi, kuma mai hali yakan sa a yi masa shi da launi mai kyau, don in ya saɓa riga a kafaɗa shafin ne ke fitowa fili.

Ki duba yawan hannun da riga ɗaya ke bi kafin ta hau wuyan mai ita. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, 'yan siraran layuka masu faɗin 'yan yatsu. Maɗinki ya harhaɗa su da allura har su zama faffaɗan ƙyalle. Sannan mai zane ya zana aikin da alƙalami da tawada, kuma galibi malamai da almajirai ne ke wannan, don su ne hannunsu ya saba da alƙalami. Mai ɗinkin aska ya zauna a zaure ko gindin bishiya yana bin zanen, aikin da kan ci watanni. In mai rini ce ta je karofi, daga nan ta wuce mabuga. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan ana aiki har yau, garin Kura kuma da rini da bugu ya yi suna har rawanin ɗan Kura ya ɗauki sunansa. Birnin Zariya ya riƙe ɗinkin hannu, kuma a 'yan shekarun baya matan cikin gida sun shiga sana'ar sosai, suna ci da kansu da 'ya'yansu da ita.

Abin da ya ci wannan wahala dole ya zama dukiya. A ƙarni na 19 riga abin ajiya ce, ana jinginar da ita, ana gadonta. Cikin gaisuwar da sarakunan Kano ke aikawa Sakkwato akwai riguna da rawuna. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Sarki in ya ji daɗin baransa ko makaɗinsa riga yake ba shi, attajiri kuma yakan tuɓe ta jikinsa ya miƙa wa maroƙi a gaban jama'a. Wanda ya san wannan zamani ne zai gane nauyin karin maganar nan, in mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Alkawarin riga babban alkawari ne, don haka kafin ka sa rai, ka auna mai alkawarin da abin da ya iya yi wa kansa.

Yau babbar riga ba ta mutu ba, yadinta ne ya sauya. Mutum ya shiga Kantin Kwari ya yanki shadda, in da hali gezna, wadda ta samo sunanta daga kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya. Tela zai ce masa yadi goma in da 'yar ciki da wando, kaftani da wando kuwa kamar biyar sun isa. Aikin da ke cin watanni yanzu keke ko injin kwamfuta na gama shi cikin kwanaki. Ni ba na raina ɗinkin keke, don shi ya sa malamin makaranta da ɗan tireda suka iya fita Idi da babbar riga, abin da kakanninsu da yawa ba su samu ba. Abin da ke damuna shi ne sunayen da ke zubewa. Saurayi zai sa aska takwas ranar ɗaurin aurensa, in kika tambaye shi sunan aikin sai ya ce dizayin ne kawai. Shi ya sa nake roƙonki, ki sami hoto ko ki aro riga a gidan wani dattijo, ki shimfiɗa ta a gaban aji, ki nuna musu aska da tambari da cin wuya da shafi da yatsa. Suna biyar da yaro ya gani da idonsa sun fi ashirin da ya haddace a takarda.

Maƙwabta ma suna da irinta da nasu suna. Yarbawa na ce mata agbada, Barebari kulwu, a ƙasashen da ake Faransanci kuma bubu ake ji. Da ita Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Amurka a 1961, da ita aka san Shehu Shagari a mulkinsa daga 1979 zuwa 1983.

Ƙananan rigunan maza ba sa buƙatar dogon bayani. 'Yar ciki ita ce ta ƙarƙashin babbar riga. Taguwa gajeriya ce, 'yar shara ba ta da hannu, sai jamfa da kaftani da jallabiya da falmaran. A Sakkwato za ki ji taggo a inda Bakano zai ce riga. Da kayan Turai suka shigo, kowanne ya zo da sunansa, shat da tishat da singileti da kwat da suwaita, amma kalmar riga ta karɓe su duka ba tare da gardama ba, don dukansu a kafaɗa suke rataye. In ana son bambancewa sai a jingina ta da amfaninta: rigar sanyi, rigar ruwa, rigar barci, rigar makaranta, rigar ƙwallo. Ko a jingina ta da inda ta fito, kamar rigar gwanjo. Ko da lokacinta, kamar rigar sallah.

Ta ɓangaren mata akwai abin lura. Kakanninmu mata zane ne suturarsu: ɗaurin ƙirji, a yafa wani, a ɗaura kallabi. Riga ta yaɗu a tsakaninsu ne daga baya, shi ya sa ba ki jin tsofaffin sunayen rigunan mata masu yawa kamar na maza, alhali sunayen zannuwa ba sa ƙirguwa. Yau kuwa tela zai tambaye ki, riga da zane za a yi, ko riga da siket, ko doguwar riga, ko buba? Ita buba daga Yarbawa muka karɓo ta. Har ƙaramar tufar ciki da ke riƙe ƙirji, da aka nema mata suna na kunya, rigar mama aka ce.

Yanzu ga amsar filo, kuma ina ganin ita ce za ta fi burge yaran. Ki tambaye su, me ya sa muke cewa zanen gado amma rigar filo, alhali sau da yawa daga yadi ɗaya aka yanke su? Zanen gado shimfiɗa shi ake yi a kai, filo kuwa zura shi ake yi a ciki. Ma'aunin da ya raba zane da riga a jikin mutum, shi ne ya raba su a kan gado. Haka rigar katifa, rigar kujera, rigar mota: duk abin da aka ɗinka daidai surar wani abu don ya shiga ciki ya tsira daga ƙura da datti. Inda kalmar ba ta shiga ba shi ne inda harshe ya riga ya tanadi suna. Takobi da wuƙa kube gare su, Alƙur'ani gafaka, littafi bango, tukunya marfi.

Akwai wata riga da ba tela ya ɗinka ba. Wani jariri yakan fito duniya a lulluɓe cikin jakar ruwan da ya kwanta a ciki, ba ta fashe ba, sai ungozoma ta yaga ta ta fito da shi. Hausawa sukan ce an haife shi da riga, su yi masa laƙabi da Mairiga. In akwai mai wannan suna a danginsu, yaran su tambayi kakarsu dalili.

Daga nan kalmar ta bar jiki ta shiga zance. Hanya biyu ta bi, don riga aiki biyu take yi wa mai ita: tana faɗin ko shi wane ne, tana kuma kare shi.

Ta farko tsohuwa ce. Tun daga nesa ake gane dogari da rigarsa mai ja da tsanwa, a gane malami, a gane mahauci, a gane ɗan sarki. Yau ma farar riga na nuna likita, baƙa na nuna lauya. Da yake riga ke gabatar da mutum kafin ya buɗe baki, mai son yaudara ita yake fara nema. Shi ya sa ake cewa 'yan damfara sun shiga rigar malamai, ko wane yana fakewa da rigar addini, ko da rigar siyasa. Ba lalle ne ya sa wata tufa ta musamman ba, kamanni da suna ya ara. Rigar aro ma daga nan take. In aka ce wani tsari rigar aro ne, ana nufin ba don jikinmu aka auna shi ba, ko ya yi yawa ko ya ɗame, kuma mai shi na iya karɓar abinsa. Sai rigar mutunci, wadda ake cewa an keta wa mutum in an tozarta shi a bainar jama'a. Maganar na da nauyi, don a wurin Bahaushe kama wuyan rigar babba cin zarafi ne tun kafin a kai hannu jikinsa, balle a keta ta.

Ta biyu daga fagen fama ta faro. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke riga ce ta zobban ƙarfe da aka sarƙa, mai tare kaifin takobi. Mafarauta da 'yan tauri kuma suna da rigar layu. Da bindiga ta zo, rigar da ke tare harsashi ta gaji sunan, ana ce mata rigar sulke, har mota ma ana cewa mai sulke. Rigar kariya kuwa tana da ma'ana ta zahiri: wadda ma'aikatan lafiya ke sawa lokacin annoba, da wadda ake roƙon masu shiga kwalekwale a Neja da Kebbi su riƙa sawa don kada su nutse.

Amma wadda yaran ke ji a labarai ta shari'a ce. Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana a gurfanar da mutum huɗu a kotu muddin suna kan kujera: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa. Sanata da ɗan majalisar wakilai da minista ba sa cikin wannan sashe. Kariyar ba ta hana bincike, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2002 a ƙarar da lauya Gani Fawehinmi ya shigar, ba ta kuma hana ƙarar zaɓe. A Nijar ma da wannan kalma aka ba da labari a watan Yunin 2024, lokacin da kotu ta cire wa hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum tasa. Ina jinjina wa duk wanda ya fara zaɓar riga don wannan ma'ana, don ya dace ƙwarai. Da an ce garkuwa ko katanga, da ba a nuna abin da ya fi muhimmanci ba, wato ba fatar mutum ba ce, ta kujera ce. Ana sa ta ranar rantsuwa, ana tuɓe ta ranar sauka, laifin da aka yi a ƙarƙashinta kuma yana nan yana jira.

Cikin maganganun da aka gina da sassan riga, hannun riga ta fi yawo a baki. Ki sa yaro ya buɗe hannuwansa cikin babbar riga: ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma, jiki ɗaya suka fito amma ba sa haɗuwa. In aka ce abokai sun yi hannun riga, sun rabu ke nan kowa ya kama gabansa. Ana faɗinta ga abubuwa ma, a ce maganarsa da aikinsa sun yi hannun riga. In gobara ko ambaliya ta cinye wa mutum komai, sai a ce ya fita daga shi sai rigar jikinsa. Ɗan'uwa kuma an ce rigar ƙaya ne, in ka sa ya soke ka, ba ka kuma da damar tuɓewa ka yar. Wanda ya taɓa riƙon ɗan'uwa mai wuyar hali ya san ba a yi ƙarya ba. A zaman makoki za ki ji mutuwa rigar kowa. Kowace riga da mai ita, ta sarki daban ta talaka daban, wannan kaɗai ce aka yanka daidai wuyan kowa.

Saura tambayarki ta rubutu. A daidaitacciyar Hausa riga mace ce. Don haka rigar Audu ake rubutawa, a ce riga ce, a ce rigata, rigarka, rigarsa. Sifar da ke tare da ita ma ta mace ce: babbar riga, farar riga, sabuwar riga, 'yar riga. In ta zama jam'i ne harafin n ke shigowa, a ce rigunan Audu, manyan riguna, fararen riguna.

Rigan Audu da kike ji a bakin yaranki ba lalacewar harshe ba ce, kuma ba su suka ƙirƙiro ta ba. A karin harshen Zariya da Bauchi, da Hausar Jos, da ta zangunan Gana, bambancin namiji da mace a nahawu ya yi rauni, sai n ta maye gurbin r a kusan ko'ina. A ɗaya gefen kuma, wajen Sakkwato da Katsina, har a Kano ma in ana magana da sauri, r ɗin kan narke cikin baƙin da ke biye da ita, ki ji rigam Musa ko rigab Bello. Duk Hausa ce, kowa da inda ya tashi. Kada ki sa yaro ya ji kunyar yadda uwarsa ke magana. Ki gaya masa dai rubutu na da ƙa'ida ɗaya da aka amince da ita, kuma da ita za a duba takardarsa a jarrabawar WAEC da NECO.

Hanyar da ta fi saurin zaunar da wannan a kan yara ita ce a haɗa riga da wando, tunda ɗaya mace ce ɗaya namiji. Ki raba allo biyu. A dama ki rubuta rigar Audu, farar riga, sabuwar riga, riga ce. A hagu ki rubuta wandon Audu, farin wando, sabon wando, wando ne. Sannan ki ba su hula da takalmi, jaka da zane, taguwa da rawani, su nema wa kowanne gefensa da kansu.